Dawn of the Dead na 1978 da na 2004: tambayoyi da amsoshi

Na fara ganin Dawn of the Dead ne a faifan nan mai finafinai da yawa a ciki, irin wanda ake sayarwa a bakin titi, muka kalle shi da wutar janareto ni da ƙannena biyu. Na 2004 ne. Sai bayan shekaru na san akwai wani mai wannan suna da ya girme shi da shekara 26. Da na samo shi, kallon farko bai kama ni ba. A kallo na biyu ne ya zauna mini a rai, har yau kuma bai tashi ba. Tun daga nan duk inda hirar finafinan ban tsoro ta taso sai an ja da ni a kan su biyun, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini. Na buɗe labarin kowannensu har ƙarshe, wanda bai kalla ba ya kwana da sanin haka.

Wai da gaske finafinai biyu ne masu suna ɗaya?

Biyu ne. Na farkon George A. Romero ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. An fara nuna shi a Italiya a 1978, ya shiga sinimomin Amurka a watan Afrilun 1979. Shi ne na biyu a jerin finafinan Romero na gawarwaki masu tashi, tsakanin Night of the Living Dead na 1968 da Day of the Dead na 1985.

Na biyun kamfanin Universal ne ya fitar da shi ranar 19 ga Maris 2004. Zack Snyder ne darakta, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko, don kafin nan tallace-tallacen talabijin yake ɗauka. James Gunn ne ya rubuta labarin.

Shi zombi ɗin mene ne? Fatalwa ce?

Ba fatalwa ba ce. A tatsuniyoyinmu fatalwa kurwa ce da ta rabu da jiki take yawo. Zombi kuwa jiki ne da rai ya bari, amma bai kwanta ba. Ba ya magana, ba ya jin ciwo, ba ya gane kowa, naman mai rai kawai yake nema, kuma ba ya faɗuwa sai an lalata ƙwaƙwalwarsa.

Kalmar daga Haiti ta shiga Turanci. A can tana nufin mamacin da boka ya tayar ya mayar da shi bawa yana yi masa aikin gona, kuma tsoron da ke cikinta tsoron bauta ne wadda ko mutuwa ba ta 'yanta mutum daga gare ta. Zombi mai cin naman mutane, mai yaɗuwa kamar annoba, Romero ne ya kawo shi a 1968, ko da yake a wancan fim ɗin ba a kira su da wannan sunan ba ko sau ɗaya.

Sabon ba wankiya ba ce kawai?

A'a. Wankiya ita ce a ɗauki labarin wani a canza masa riga ba tare da an ambaci mai shi ba. Nan kuwa Richard P. Rubinstein, furodusan tsohon fim ɗin wanda haƙƙin mallakar ke hannunsa, yana cikin furodusoshin sabon, kuma an rubuta a fili cewa daga labarin Romero aka ɗauko. Shi dai Romero bai sa hannu a aikin ba.

Abin mamakin ma shi ne ƙanƙantar abin da suka ɗauko: suna, gawarwaki, da katafaren ginin kantuna, irin wanda muke kira mol. Babu mutum ko ɗaya na cikin tsohon labarin da aka dawo da halinsa ko sunansa.

To yaya labaran suke?

Na 1978 ya buɗe ne duniya ta riga ta yi makonni cikin bala'in. Fran tana aiki a gidan talabijin a Philadelphia, saurayinta Stephen yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu na tashar. Suka saci jirgin suka gudu tare da 'yan sandan kwantar da tarzoma biyu, Peter da Roger. Suna neman inda za su huta sai suka sauka a rufin wani mol. Da niyyar su ɗan ɗebi abinci su wuce suka sauka, amma da suka ga dukiyar da ke ƙasa sai zama ya kama su. Suka toshe ƙofofi da manyan motoci, suka kashe gawarwakin da ke ciki, suka gyara wani ɗakin ajiya a sama ya zama gida. Suka yi watanni. Waɗanda suka fasa musu katanga daga ƙarshe mutane ne masu rai, gungun 'yan fashi a kan babura.

Na 2004 ya faro daga daren farko. Ana ma'aikaciyar jinya ce a yankin Milwaukee. Ta tsira daga gidanta, ta haɗu da ɗan sanda Kenneth, da Michael mai sayar da talabijin, da Andre da matarsa Luda mai tsohon ciki. Suka shiga mol suka tarar da masu gadi uku da suka riga su, daga baya wata babbar mota ta kawo ƙarin mutane. Da zaman ya gagara sai suka yi wa bas biyu sulke da ƙarafa, suka yanke shawarar kutsawa zuwa bakin tafkin Michigan inda ɗayansu ke da jirgin ruwa.

Me ya sa na tsohon suke jan ƙafa, na sabon kuma suke gudu kamar 'yan tsere?

Wannan ita ce gardamar da ta fi kowace zafi tsakanin masoya finafinan biyu. Romero ya tsaya a kan cewa gawa ba ta gudu, kuma bai sauka daga wannan ra'ayi ba har ya rasu a 2017. Su Snyder sun lura cewa mai kallo na zamaninsu ya saba ganin mai jan ƙafa har ya daina jin tsoronsa. Ba su suka fara ba: an ga masu gudu a The Return of the Living Dead tun 1985, sannan 28 Days Later na Ingila ya sake farfaɗo da salon a 2002, duk da cewa nasa masu cuta ne da ransu, ba matattu ba.

Bambancin ya wuce na sauri. Zombin Romero shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, za ka iya ture shi ka wuce, ka ma kewaye shi kana dariya. Haɗarinsa yana cikin yawa da naci. Ba ya gajiya, ba ya barci, kai kuwa kana yi. Sannu ba ta hana zuwa. Shi ya sa duk wanda ya mutu a cikin taurarin tsohon fim ɗin, halinsa ne ya kashe shi. Roger ya ga abin da sauƙi lokacin da suke jera motoci a bakin ƙofofi, kansa ya yi zafi, yana ihu yana wasa, ya manta jakar kayan aikinsa a wata mota ya koma ɗaukowa, a nan aka cije shi a hannu da ƙafa. Raina kama ka ga gayya.

A na 2004 ba ruwan mutuwa da halinka. Ko kai ne mafi natsuwa a garin, in ka buɗe ƙofar da ba daidai ba ka tafi. Wannan ya fi sa zuciya bugawa, ban musa ba. Sai dai mai gudu ba ya ba ka damar kallon fuskarsa. A wurin Romero kana ganin ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta, da ɗan wasan ƙwallo da rigarsa, da mai bin addinin Hare Krishna da ƙaramar gangarsa, kowa da kayan da ajali ya same shi a ciki, har ka fara tunanin wane ne wannan, wa ke nemansa a gida. A wurin Snyder ambaliya kawai kake gani.

Duk wanda ya mutu tashi yake yi?

A duniyar Romero, i. Ko hatsarin mota ne, ko ciwon zuciya, ko harbi, matuƙar ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba mamaci zai tashi. Cizo yana kashe mutum ne cikin 'yan kwanaki, mutuwar ce ke tayar da shi. A na 2004 cizo ne kaɗai ke yaɗa abin, kuma tashin na zuwa cikin ƙiftawar ido. An nuna haka ƙarara lokacin da dattijuwa Norma ta mutu da harbin bindiga ta kwanta ba ta motsa ba.

Ƙaramar doka ce amma tana da nauyi. A sabon, cuta ce da za a iya tsere mata in an samu tsibiri mai nisa. A tsohon babu inda za ka je, don abin yana jiran kowa a ƙarshen kwanansa. Duka biyun ba su faɗi musabbabin ba.

Me ya sa mol? Ba barikin soja ko asibiti ba?

A nan ne finafinan biyu suka raba hanya da gaske.

Romero ya ɗauki nasa a Monroeville Mall da ke kusa da Pittsburgh a jihar Pennsylvania, wurin da aka buɗe a 1969. Kasuwa ce mai ci, don haka da dare suke aiki bayan an rufe kantuna, su tattara kayansu kafin masu sayayya su iso da safe. Sun fara a Nuwamban 1977, suka dakata lokacin Kirsimeti saboda ƙawar bikin da aka rataya ko'ina, suka kammala a Fabrairun 1978. A wancan lokacin irin wannan gini sabon abu ne a Amurka, har a cikin fim ɗin da suka hango shi daga sama sai da ɗayansu ya tambaya mene ne wannan.

Fran ta tambayi Stephen me ke kawo gawarwakin nan wurin, ya ce mata wata 'yar guntuwar tunawa ce ta rage musu, wurin yana da muhimmanci a rayuwarsu. Sai ka gan su suna hawa matakala mai tafiya da kanta, suna tuntuɓe, suna manna fuska a gilashin kanti, kiɗan nan mai sanyi na jan hankalin masu sayayya yana tashi. Sannan Romero ya juyo da kyamara kan masu ran. Sun ci, sun sha, sun sa rigunan alfarma, sun kwashi kuɗi a banki suna caca da su alhali kuɗin ba su da sauran amfani. Stephen ya ba Fran zoben aure a wani gidan abinci da babu kowa, ta ce ya riƙe abinsa, yanzu ba zai zama na gaske ba. Talabijin ya daina kawo komai, ta kashe, ya tashi ya sake kunnawa ya zauna yana kallon yayyafin allo. Wannan sashen na tsakiyar fim ɗin shi ne matasa ke cewa ya yi sanyi, ni kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini. Mutum uku sun samu duk abin da ake sayarwa a duniya, sun rasa abin da za su yi da wayewar gari.

Da 'yan baburan suka shigo, Peter ya ce a ɓuya a bar su su ɗebi abin da za su ɗiba su tafi. Stephen ya kasa. Ya ce wurin nasu ne, su suka ƙwace shi, ya buɗe wuta. Kwaɗayi mabuɗin wahala: aka harbe shi, gawarwaki suka rutsa shi a cikin lifta, kuma da ya tashi, 'yar tunawar da ta rage masa ita ta ja shi ya rushe bangon bogi da suka gina, ya jagoranci sauran har ɗakin da Fran take.

Snyder ya ɗauki nasa a wani tsohon mol da aka daina amfani da shi a Thornhill, kusa da Toronto a Kanada, suka ƙawata shi da kantuna, akasarinsu masu sunayen ƙirƙira. A labarinsa mol ganuwa ce: yana da ƙofofi masu ƙarfi, da abinci, da rufin da za a rubuta neman agaji. Akwai 'yan mintoci na nishaɗi da kayan kanti, sannan a wuce. Da za ka ɗauke mutanen ka kai su filin jirgi ko makarantar kwana, labarin ba zai canza ba. In ka cire mol daga na Romero kuwa babu fim.

Wanne ya fi ban tsoro?

Na 2004, in tsoron da ke sa ka zabura kake nufi. Mintoci goman farkonsa suna cikin mafi kyawun buɗewar da na taɓa gani a fim ɗin ban tsoro. Ana ta tashi daga dogon aiki, a mota labarai suka fara sai ta murɗa rediyo zuwa kiɗa. Ta gaisa da Vivian, 'yar maƙwabta, wadda ke nuna mata ta iya tafiya da baya a kan takalmi mai taya. Ita da mijinta suna banɗaki sanarwar gaggawa ta wuce a talabijin ba su gani ba. Da asuba ƙofar ɗakin kwana ta buɗe a hankali, yarinyar tana tsaye cikin duhu da rigar barci. Mijin ya taso ya durƙusa a gabanta don ya ga bakinta a yage, yana cewa a kira motar asibiti, sai ta kafa masa haƙora a wuya. Ana tana danne raunin da hannu ɗaya tana neman layin agaji, layi a cushe. Ya mutu a hannunta. Tana juya baya ya miƙe tsaye.

Da ta fice ta tagar banɗaki, unguwar da muka gani jiya lafiya lau tana ci da wuta. Maƙwabcinta ya nuna ta da bindiga yana cewa kada ta matso, motar asibiti ta zo ta kwashe shi. Mijinta ya bi motarta da gudu, yana hango wata mata a gefe ya saki motar ya yi kanta. A daren da muka kalla, a daidai nan ƙaramin ƙanena ya tashi ya sa wa ƙofa sakata.

Tsoron na 1978 daban ne. Ba ya zaburar da kai sosai, amma yana biyo ka gida.

Wane wuri ne a tsohon ya fi taɓa ka?

Biyu ne. Na farko samamen da 'yan sanda suka kai wani dogon benen talakawa, mazaunansa baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico. Laifinsu shi ne sun ƙi miƙa gawarwakin 'yan uwansu ga hukuma kamar yadda dokar ta-ɓaci ta ce. Wani ɗan sanda mai ƙin jinsi ya shiga harbin masu rai ba ji ba gani, har sai da Peter ya harbe shi. Wata mata ta hango mijinta ta ruga ta rungume shi tana kiran sunansa, ya ciji kafaɗarta. Can ƙasan ginin wani tsohon fada mai ƙafa ɗaya ya gaya musu ya yi wa mamatan addu'ar ƙarshe, su yi abin da za su yi. Suka tarar da su jibge a ɗaki, wasu a naɗe cikin zannuwa suna motsi. Peter yana harbinsu ɗaya bayan ɗaya idonsa na kawo ruwa. Roger ya tambaya me ya sa mutanen suka ajiye su, Peter ya ce don har yanzu sun yarda mutuwa tana da alfarma.

Duk wanda ya taso inda ake wanke mamaci, a suturta shi, a sallace shi, a raka shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ba ya bukatar a yi masa bayanin mutanen benen nan. Da mu ne, da wuya mu miƙa namu a jefa a mota a ƙone. Romero ya san hukuma tana da gaskiya ta fuskar kare rai, ya kuma san abin da ake rasawa ranar da gawa ta zama shara.

Na biyu mutuwar Roger. Yana kwance yana rawar sanyi, ya roƙi Peter kada ya harbe shi sai ya tabbatar ya dawo, ya ce zai yi ƙoƙari kada ya dawo. Peter ya zauna a gefe da bindiga yana jira. Bargon da aka rufe shi da shi ya zame a hankali, ido ya buɗe, fuskar ta yi kamar ta wanda ya farka a baƙon wuri. Ba a nuna harbin ba, ƙararsa kawai aka ji daga ɗakin da Fran da Stephen suke. Suka binne shi a ɗan lambun da ke cikin mol ɗin, don nan ne kaɗai ƙasa take.

Sabon ba shi da irin wannan zuciyar ke nan?

Yana da ita, a wurare. Mafi kyau shi ne abotar Kenneth da Andy, mai kantin bindigogi da ya maƙale shi kaɗai a rufin shagonsa can tsallaken filin ajiye motoci. Ba su taɓa haɗuwa ba. Da allo da madubin hangen nesa suke hira, har dara irin ta Turawa suke bugawa. Andy ya fara ramewa don yunwa, suka aika masa abinci a jikin kare saboda gawarwakin ba sa kula dabba, garin buɗe wa karen ƙofa aka cije shi. Da ya sake hawowa rufin ya ɗaga allon, babu rubutu sai jini da ya shafa. Ranar da suka tsaya gaba da gaba, Kenneth ya zo harbinsa ne.

Akwai kuma Frank, uban da aka ciza ya yi sallama da 'yarsa, da CJ shugaban masu gadi wanda ya fara a matsayin mugu mai son kansa ya ƙare da tayar da tukunyar gas a kansa don sauran su wuce. Matsalar ita ce yawa. Mutum fiye da goma a fim na kusan minti 100, wasu ba ka riƙe sunansu ba sun mutu. Romero yana da huɗu kacal da sama da awa biyu. Labarin jaririn Luda kuwa, wanda aka haifa zombi bayan Andre ya ɗaure ta a gado ya ɓoye wa kowa cizon da aka yi mata, a ganina an yi shi ne don a girgiza mai kallo. Baƙin cikin uban ya isa ba sai an nuna jaririn ba.

Matan fa?

Sarah Polley ta riƙe Ana da natsuwa, mace mai sana'a wadda ita ta fara gano cizo ne ke yaɗa abin. Amma Fran, wadda Gaylen Ross ta fito a matsayinta, ta fi yin doguwar tafiya. Tana da ciki, ta ji mazan suna shawara a kan cikin nata ba da ita ba. Washegari ta kafa sharuɗɗa: a riƙa sanar da ita duk abin da ake shiryawa, kada a sake barinta ba bindiga, kuma a koya mata tuƙin jirgin. Wannan na ƙarshen shi ya fitar da su da rai.

Me ya sa gawarwakin tsohon suke shuɗi-shuɗi, jinin kuma kamar fenti?

Tom Savini ne ya yi kwalliyar. Toka-toka ya shafa musu, fitilu da fim ɗin ɗauka suka mayar da ita shuɗiya a wurare da yawa. Jinin ma ya fito ja mai haske fiye da kima. Savini bai so haka ba, Romero kuwa ya ce ya dace da kamannin littafin zane da yake nema. Savini ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga raunuka na gaske, shi ya sa duk da launin, cizo da yagar nama a fim ɗin suna da wuyar kallo har yau.

A na 2004 David LeRoy Anderson ya tsara kwalliyar mataki uku, gawarwakin suna ƙara ruɓewa yadda kwanaki ke tafiya. Ta fuskar gaskiyar kamanni sabon ya yi nisa.

Gaskiya ne an nuna Musulmi suna sallah a farkon na 2004?

Gaskiya ne. A jerin hotunan tarzoma da rushewar duniya da ke tafe da sunayen ma'aikatan fim ɗin, ƙarƙashin waƙar Johnny Cash mai zancen tashin ƙiyama, akwai ɗan gajeren hoton sahun masallata a farko-farko. Fim ɗin bai ce komai a kai ba, bai kuma ɗora wa kowa alhakin annobar ba. Amma ya fito ne ƙasa da shekara uku bayan harin 11 ga Satumban 2001, shekara guda da fara yaƙin Iraƙi, lokacin da irin wannan hoto ke tayar da wani abu a zuciyar mai kallo a Amurka. Ni dai ya sosa mini rai, kuma ina ganin fim ɗin ba zai rasa komai ba in babu shi.

'Yan wasan tsohon sun fito a sabon?

Uku sun leƙo ta allon talabijin. Savini ya fito a matsayin shugaban 'yan sandan gunduma mai bayanin a harbi kai, Scott Reiniger da ya yi Roger ya fito janar na soja, Ken Foree da ya yi Peter kuma ya fito mai wa'azi, ya maimaita maganarsa ta 1978 cewa in wuta ta cika matattu za su yi yawo a bayan ƙasa. A tsohon, daga kakansa na Trinidad ya ce ya ji ta, cikin sanyin murya. A sabon an sa ta a bakin mai la'antar jama'a. An kuma sa wa wani kantin tufafi suna Gaylen Ross.

Yaya suka ƙare?

Romero ya fara rubuta cewa Peter da Fran za su kashe kansu, ya sauya ana cikin ɗauka. Peter ya ɗora bindiga a kansa, ya fasa, ya kutsa ya hau rufi. Ya tambayi Fran man da ya rage, ta ce ba yawa, suka tashi gari na wayewa.

A na 2004 Michael ya nuna cizon da ke hannunsa ya tsaya a bakin ruwa, Ana da Kenneth da Terry mai gadi da Nicole 'yar Frank da karen suka tafi. Wanda ya kashe faifan a nan zai ɗauka sun tsira. Cikin sunayen ƙarshe ana nuna guntayen hoton kyamarar hannu: abinci ya ƙare, mai ya ƙare, sun isa tsibiri, gawarwaki suka fito da gudu, kyamara ta faɗi.

Me Romero ya ce da ya kalla? Kasuwa fa?

Ya ce ya fi yadda ya zata, ya yaba mintocin farko, amma a ganinsa fim ɗin ya rasa dalilin yinsa, ya fi kama da wasan bidiyo. A kasuwa kuwa sabon ya ci riba: an kashe kimanin dala miliyan 26, ya kawo sama da miliyan 100 a duniya, kuma a makonsa na farko ya sauke The Passion of the Christ daga matsayi na ɗaya a Amurka. Wannan nasarar tana cikin abin da ya buɗe wa Romero ƙofa, Universal ta fitar da Land of the Dead nasa a 2005. Tsohon bai kai dala miliyan 2 ba wajen yi, kuma ya mayar da kuɗinsa ninki-ba-ninki duk da an fitar da shi ba tare da tambarin hukumar tantance finafinai ba, don Romero ya ƙi yanke shi.

Na ga tsohon da tsawo daban-daban, wanne ne na ainihi?

Uku ne sanannu. Na sinimar Amurka mai kusan minti 127 shi ne wanda Romero ya tsaya a kai. Akwai mai minti 139 da ya fi yawan hira. Akwai kuma na Turai mai kusan minti 118, wanda daraktan Italiya Dario Argento ya yanka, don ya taimaka da kuɗi bisa sharaɗin haka. Ya rage barkwanci, ya cika shi da kiɗan ƙungiyar Goblin, ya sa masa suna Zombi. Sabon ma yana da na sinima da wani mai ƙarin kusan minti tara.

Yara za su iya kalla?

A'a, ko ɗaya. Duka biyun akwai yagar nama a fili, sabon kuma ya ƙara da zagi da tsiraici.

Da wanne zan fara?

In ka saba da finafinan yanzu, fara da na 2004, ka more shi a matsayinsa na fim mai gudu da aka yi da gwaninta. Ka bar kwana biyu, sannan ka nemi na Romero mai minti 127, ka kalle shi da dare ba tare da waya a hannu ba, ka yi haƙuri da shuɗin fuska da jan fenti na rabin awar farko. Ka lura da wurin da Fran ke zaune a bayan ƙofar gilashi, wani mamaci da rigar 'yan ƙwallo ya zo ya zauna a ɗaya gefen yana kallonta, ita ma tana kallonsa, babu mai motsi. Ka kuma lura da matar cocin nan da ƙofa ta datse wa gefen riga, yadda Fran ta ɗan buɗe ƙofar ta sake ta ta tafi.